Maganar Iri a Zauren Damagaram

Kai Mamman Sani, jiya da zan wuce ta ƙofar bironku, ofis ɗin nan naku, na ji ka da kunnena kana cewa gabatar da aiki a taron ƙwararru ba wani abu ba ne, a jera hotuna a kwamfuta, a haska a bango, mutum ya tsaya yana karantawa. Ban tanka maka ba don akwai baƙi. Yau babu baƙo, sai ku gyara zama. Ni da bakina na ci abinci tun iyayenku suna ƴan makaranta a lakol, kuma har na ajiye aikin ban taɓa miƙewa gaban jama'a gabana bai faɗi ba.

Aikin animasiyo aka ɗauke ni, wato yawo ƙauyuka ana wayar da kan manoma, jim kaɗan bayan fari na farko, sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba. Ga ni ƴar budurwa, na gama koleji, Faransanci zaƙwai a bakina, ina ji da kaina. Aka haɗa ni da wani dattijo, Malam Isufu, wanda duk muke ce wa Baba. Tsohon tafinta ne, ya daɗe yana tsayawa tsakanin masu mulki da talakawa, shi ya sa ya san nauyin kowace kalma kafin ya sake ta.

Fitata ta farko wani ƙauye ce ta wajen Ɗan Barto, a kan yadda ake ajiye wake cikin toka don kada ƙwari su cinye shi. Na haddace abin tsaf. Mata suka taru gindin wani gawo, na miƙe, na saki baki kamar ana zuba tsaba a kwano. Ban kai tsakiya ba wata ta ce ɗanta na kuka, ta tashi. Wata ta tuna tukunya a wuta. Kafin in rufe baki saura wata tsohuwa da awaki, ita ma tsohuwar daga baya aka ce mini ba ta ji sosai. Baba yana zaune a gefen motar sabis, wato ta ma'aikatarmu, yana cin goronsa. Sai da muka kama hanya ya ce, "Salamatu, da wa kike magana ɗazu?"

Na ce, "Da matan mana, Baba."

Ya ce, "Wacce daga ciki?"



Ya ci gaba, "Ƴata, ba a magana da taro. Mutum guda ake samu a yi magana da shi, sauran su saurara. Ke ba ki taɓa zama ƙofar gidan mai gari ba?"

Na taɓa zama, hankalina ne bai kai can ba. Ku ma kun sani: in dattijo zai yi magana a ƙofar gida, ko wurin neman aure, ko wurin rabon gona, akwai wanda yake amsa masa. Ya ajiye magana ya dakata, a ce "na'am." Ya ƙara, a ce "haka ne," ko "ƙwarai," ko "Allah sarki." Mai amshin nan shi ne yake ba mai magana numfashi, shi ne kuma yake ba jama'a sarari su haɗiye abin da suka ji. In kuwa mai amshi ya yi gum, to magana ta ɓaci, jama'a sun ƙi, sai ka naɗe tabarmarka cikin mutunci. Daga ranar Baba ya hana ni miƙewa in yi wa taro magana. Rani guda da damina guda ni ce nake zaune kusa da shi ina amsa masa. Wallahi na ji haushi, ni da takardata a ce aikina "na'am." Amma a nan na koyi inda magana take tsayawa, da inda ake rage murya, da inda ake barin mutane su yi dariya su gama kafin a ci gaba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Babba a ciki allon bargo ne: katako aka lulluɓe da bargon soja, sai hotuna da muke yankewa a kwali, mu shafa ƙaro a bayansu mu barbaɗa yashi don su kama bargon. Ga rumbu, ga tulu, ga mace da goyo. Kana magana kana liƙawa ɗaya bayan ɗaya, ba a liƙa hoto sai an zo kansa, in ba haka ba idon mutane zai riga bakinka. Iska ce abokiyar gabarsa. Na taɓa bin hoton rijiya da gudu har bayan danga, mata suna ta sheƙa dariya suna cewa rijiyar gwamnati ta gudu. Akwai lasifika mai cin pil, wato batir, sai dai ni na daina sauke ta daga mota. A zamanin nan duk muryar da ta fito daga lasifika ta haraji ce ko ta umarni, da mata sun ji ta sai su ja mayafi su shige gida. Majigi kuwa sai an haɗa shi da batirin mota, kuma in ka kunna shi kai ka zama ba kowa ba, bango ake kallo. Shi ya sa nake dariya in na ga kun juya wa mutane ƙeya kuna karanta bango.

Masu sauraro iri-iri ne. Akwai ƴan "to, to," waɗanda za su yarda da komai don ka yi ka tafi. Akwai mai tambaya don a gan shi. Akwai mai gari da zai yi gyangyaɗi, ya farka ya ce madalla. Duk waɗannan ba su da wahala. Wadda ta gyara mini baki ita ce Gwaggo Delu, a wani ƙauyen jigawa gaba da Tsauni, nesa da fadama, inda ba rake ba lambu, sai gero da wake. Ita ce mai amshina a can, kuma ba ta ba da "haka ne" a banza. In na faɗi abin da bai shige ta ba sai ta ce, "Uhm-uhm, ƴata, koma baya, ban gamsu ba." Dole in koma. In kuwa ta ce "ƙwarai," to an gama, gobe duk matan garin za su yi. Ita ce kuma mai irin gero na yankin. Kowace kaka sai ta bi gona da kanta ta zaɓi zangarniya dogaye masu cika, ta ɗaure daban, ta rataye a ƙuryar rumbu. Daga ƙauyuka ake zuwa roƙon irinta, kuma tana alfahari da haka fiye da yadda wata take alfahari da gwal.

Sai fari na biyu ya zo. Ruwa ya ɗauke gero yana shirin fitar da kai, ya tsaya a tsaye ya bushe. Aka kuma rufe iyaka, mazan da suke tafiya cin rani Kano da Katsina suka rasa hanya, waɗanda suke can aike ya daina zuwa daga gare su. Nan cikin Matameye da sauƙi, akwai fadama, ana ɗan tsintar abin lambu. Ƙauyukan jigawa ne suka ji jiki. Da rani ya yi nisa na je garinsu Gwaggo Delu da hantsi, tun daga bakin gari na san ba lafiya, don ban ji ƙarar turmi ko ɗaya ba. Mata suna can sun jiƙa anza, ƴar dajin nan da ake ci in yunwa ta kai, suna jiran ɗacinta ya fita.

Gwaggo ta ja ni ɗaka, ta saki labule. Ta ce, "Ƴata, mun daka shi."

Na ce, "Me, Gwaggo?"

Ta ce, "Irin. Jikokina sun kwana suna kuka, na sauko da shi da hannuna. Nawa ne na ƙarshe a garin nan, kowa ya riga ni. Ke ƴar gida ce, shi ya sa na gaya miki."

Ku yaran yanzu ba lalle ku gane girman maganar nan ba. Manomi ya ci irinsa, abin kunya ne da ba a faɗa ko ga suruki. Wani ma'aikacin gona ya riga ya zagaya yana tambayar maza ko suna da abin shuka, kowa ya ce masa, "Alhamdulillahi, ba a rasa ba." Me kuke so magidanci ya ce a gaban ƴan'uwansa? Shi kuma ma'aikacin ya rubuta abin da aka gaya masa, ba laifinsa. Haka rahoto ya tafi cewa Matameye ba ta cikin masu buƙatar iri.

Gab da damina aka kira taron ƙwararru a Damagaram don a raba ɗan irin da gwamnati ta samo, wanda kowa ya san ba zai isa ba. Shugaban sabis ɗinmu, Abdu, Mushe Abdu muke ce masa irin na Faransanci, shi zai ba da rahoton yankinmu, ni kuma aka ce in ƙara ƴar magana a kan halin da mata suke ciki. Baba ya kusa ritaya lokacin, aka tafi da shi don ko za a buƙaci tafinta. Na rubuta maganata da Faransanci, na goge, na sake. Abin da nake so ɗaya ne: a sa ƙauyukan jigawa cikin rabo kafin ruwa ya sauka. In ba a sa su ba, ruwan zai zo ya sami mutane da fartanya ba abin zubawa a rami.

Zauren da faɗi, tebura a jere da koren ƙyalle, fanka tana juyawa a sama. Ga masanan gona, ga likitocin dabbobi, ga injiniyoyin rijiya, ga waɗansu Turawa masu ba da taimako. A tsakiya farfe ne, mai mulkin jihar duka, kumandan na soja, ya cire agogonsa ya ajiye a gabansa. Mutanen arewa suka fara, su Tanut da Gure, kuma gaskiya abin da suka faɗa ya fi namu muni, na ji tausayinsu. Mushe Abdu ya tashi ya ba da nasa daidai yadda yake a rubuce. Wani ya yi raha cewa mutanen Matameye ai sai su sha rake. Aka kira sunana.

Na miƙe, na kama makirfo, ya yi wani fito. Na yi gaisuwa. Ba wanda ya amsa. Na ajiye jimlar farko, na dakata yadda jikina ya saba. Shiru. Kowa ya sunkuyar da kai a kan takarda. Na ajiye ta biyu, na dakata. Shiru, sai ƙarar fanka. To ni duk tsawon aikina shiru irin wannan abu ɗaya yake nufi: an ƙi maganarki, tattara ki tafi. Ban san cewa su a can in suna sauraro haka suke yi ba, rubutu suke. Layukan takardar suka haɗe mini. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Na fara laluben kujera da hannu zan ce na gode in zauna.

Sai na ji daga can jikin bango, da ƙarfi, "Na'am."

Duk zauren ya waiwaya. Baba ne, yana zaune a kan benci kusa da ƙofa, hannunsa a kan gwiwa, yana kallona kamar muna gindin gawo. Mushe Abdu ya dafe kai. A zamanin nan fa mutum bai isa ya yi tari a gaban soja ba sai da dalili. Kumandan ya ɗago, ya tambayi wane ne wannan.

Baba ya miƙe a hankali, ya ce da Hausa, "Ranka ya daɗe, ma'aikacinka ne daga Matameye. A wurinmu ba a barin mai magana shi kaɗai."

Kumandan ya dube shi, ya dube ni, ya dubi agogo. Ya ce, "A ci gaba."

Na kife takardar. Na daina ganin teburan, Baba kawai nake gani. Ina ajiye magana da Faransanci yana ɗauka da Hausa. Na ce Matameye biyu ce, ta fadama da ta jigawa. Ya ce, "Haka ne." Na ce raken da ake faɗa bai taɓa zuwa jigawa ba sai ranar kasuwa. Ya ce, "Ƙwarai." Na ce mazan da suke ciyar da gidajen nan da kuɗin cin rani iyaka ta rufe da su. Ya ce, "Allah sarki." Na ce rahoton da aka karanta gaskiya ne, abin da aka gaya wa ma'aikaci ke nan, amma magidanci ba ya cewa babu a bainar jama'a. Muryata ta dawo. Na lura ma kawunan da suke sunkuye sun fara ɗagowa ɗaya bayan ɗaya.

Wani masanin gona mai furfura ya ɗaga hannu. Da ladabi ya yi tambayarsa, kuma tambaya ce ta gaskiya. Ya ce, "Madam, mun ji. Amma kamiyon ɗaukar kaya ba ya zuwa wurin da ake kira jigawa, gari yake zuwa. Duk buhun da aka ba ku, daga bakin mutanen arewa aka cire shi. Wane gari ne, kuma da me kika tabbatar babu irin, tunda masu shi sun ce akwai?"

Nan ne aikin yake, Mamman Sani, ba wurin jera hotuna ba. Hujjata guda ce tak, kuma a bayan labule aka ba ni ita. Na dubi Baba. Wannan karon bai ce komai ba, ya sauke idonsa ƙasa, ya bar ni da kayana. Na san abin da "ke ƴar gida ce" take nufi. Na kuma san in na yi ta kewaye-kewaye za a wuce zuwa ga na gaba, an gama da mu. Na faɗi sunan garin da na maƙwabtansa. Na ce a can akwai tsohuwar da duk yankin yake karɓar iri a hannunta, wadda ba ta taɓa rasawa ba ko a fari na farko, bana ta sauko da nata ta daka wa jikokinta, kuma ita ce ta ƙarshe.

Kumandan ya ajiye alƙalaminsa. Da Hausa ya yi magana, a hankali, kamar ba da mu yake ba. Ya ce, "Innalillahi. Har irin?"

Na ce, "Har shi, ranka ya daɗe."

Ashe shi ma ɗan manoma ne. Ya yi wa mai furfuran nan alama, shi kuma ya shiga tambayata irin ƙasar wurin da geron da ya fi saurin nuna a cikinta. Na amsa abin da na sani, wanda ban sani ba na ce ban sani ba, Mushe Abdu ya cike. A hanyar dawowa Mushe bai yi wa Baba magana ba har muka wuce Kance, sannan ya miƙa masa goro ba tare da ya juyo ba.

Bayan wannan na yi taruka da yawa, har Yamai. Na koyi cewa shirun ƙwararru ba ƙiyayya ba ce. Na koyi neman mai amshina da ido, ko a wane zaure akwai mutum guda da yake gyaɗa kai, da shi za ka yi magana. Na koyi fara faɗin abin da ya kawo ni tun numfashina yana da ƙarfi, in bar kwalliya a baya. Na kuma koyi cewa mai tambaya mai zafi sau da yawa shi ne wanda ya saurare ka da gaske. Waɗannan duk ana koya, ku ma za ku koya in kun rage cika baki. Abin da ba a koyarwa shi ne, duk maganar da ta isa ta motsa zaure, ta wani ce, a gidansa ka ɗauko ta.

Kamiyon ya zo ana hadarin farko. Bai isa ba, amma kowane gida ya sami abin da zai rufe rabin gona. Na bi shi har garinsu Gwaggo Delu, raina fari tas. Aka tara mutane a ƙofar mai gari, maza da mata. Sajan ɗin da ya rako kayan mutumin kirki ne, da kyakkyawar niyya ya yi. Ya hau bayan kamiyo ya ɗaga murya ya ce, "Ina tsohuwar da aka ce ta daka irinta? Kumandan ya ce a fara ba ta."

Gwaggo ta fito daga cikin mata, tana tafiya a miƙe, ta shimfiɗa gefen zanenta aka auna mata. Ta ƙulle. Da ta zo wucewa ta gabana ta tsaya, ba ta dube ni ba. Ta ce, "An gode, Madam."

Tunda muke ba ta taɓa ce mini Madam ba.

Na ce, "Gwaggo, in ban faɗa ba, ba za a kawo ba."

Ta ce, "Na sani." Ta wuce.

Na ci gaba da zuwa garin shekara da shekaru. Mata suna taruwa, ana aiki, amma ita ba ta ƙara zama a gaba ba, in ma ta zo can baya take tsayawa ta ɗan jima ta tafi. Abin ya yi mini ciwo, har yau yana yi. Da za a maimaita ranar, abin da na faɗa shi zan sake faɗa, kuma ita ma ba zan ce ba ta da gaskiya ba.

Daminar nan ta yi kyau. Da kaka ta yi, ran nan da la'asar sai ga mai amalanke ya tsaya a ƙofar gidana nan Matameye, ya sauke damin gero guda. Na duba, zangarniya ce zaɓaɓɓiya, dogaye masu cika, ɗaurin hannun da na sani. Na ce masa, "Malam, wane saƙo ta ba ka?"

Ya ce, "Babu. Cewa ta yi in ajiye in juyo."